Tambayar Tsohon Dosara a Kan Uwarsa

Shekarar da na ajiye alli, bayan na ƙare ƙuruciyata wajen cusa tarihi a kawunan yaran sakandare a Talata Mafara, wasu bayin Allah suka zo daga birni cikin farar mota, suka ce sun samo mini aikin da ya dace da ni. Wai za a tattara tarihin addinan yankinmu daga bakin tsofaffi, Mafara da Bakura da Maradun, a ajiye saboda 'yan baya. Shugabarsu wata mata ce mai fara'a, ta yi ta nanata mini cewa abin da ya haɗa mu suke nema, tunda abin da ya raba mu kowa ya san shi. Na ce ta kwantar da hankalinta, in dai akwai shi zan nemo mata. Ban gaya mata cewa a garin aka haife ni, a nan na yi furfura, kuma har ranar ban yi karo da shi ba.

Suka ba ni wata 'yar rakoda da ba ta fi kwalin ashana ba, da igiyar da ake sawa a kunne a ji abin da aka ɗauka. Suka kuma koya mini yadda ake hira da tsoho. A samu wuri shiru, daga kai sai shi, kada ka katse shi, kada ka bari wani ya sa baki. Na saurara da ladabi, ina gyaɗa kai. Wanda ya tsara wannan ƙa'ida bai taɓa shiga zauren mutanenmu ba. A nan in aka ga baƙo ya keɓe da tsoho a ɗaki shiru, to ko gona yake so ya saye a ɓoye, ko asiri ya zo karɓa. Da zarar ka yi sallama an shimfiɗa tabarma, 'ya'ya za su fito, ƙanne su zo, maƙwabci ya leƙo aron gatari ya nemi wuri ya zauna, mai wucewa ya tsaya gaisuwa ya manta da inda za shi. Gaisuwar kaɗai tana cinye rabin batir. In mutanen birnin nan sun saurari abin da na kai musu, to yanzu sun san lafiyar gida da ta iyali da ta dabbobin kusan kowane magidanci tsakanin Ruwan Gizo da Maradun.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar wahalar ita ce kakanni. Duk gidan da na shiga, kakansu daga gabas ya zo, da littattafai a kan raƙumi, ya sauka gindin wata tsamiya ya kafa makaranta. Na tara kakanni malamai da yawa har na fara mamakin wa ya noma hatsin da suka ci. In na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ake yi kafin sallah ta game ƙasa, irin yankan da ake yi wa gona ko tsafin farauta, sai a yi tsaki a ce ai wannan sai wajen Bakura. Na je Bakura, aka ce na yi ɓatan kai, mutanen Maradun ne suka san wannan harka. A Maradun kuwa aka ce lalle an yi irin waɗannan mutane, amma ƙauyukansu na cikin waɗanda ruwan dam ya cinye, ka ga ke nan babu wanda za a tambaya sai kifi. Wani dattijo ne a nan ya tausaya mini, ya ce akwai wani tsoho a wajen Dosara da aka taso daga ɗaya daga cikin ƙauyukan, in gwada shi ko Allah zai sa a dace.

Hanyar ba kullum take biyuwa ba, saboda ɓarayin daji. Sai ka tambayi masu babur da safe, in sun ce yau da dama-dama ka yi bisimilla ka kama hanya. Haka na yi, na hau babur ɗina, na isa da hantsi.

Tsohon ɗan siriri ne, idonsa ya fara hazo, amma kunnensa garau. Aka fito da shi zaure aka jingina shi da bango, jama'a suka cika wuri kamar yadda aka saba. A damansa babban ɗansa ya zauna, na'ibin liman ne a masallacin Juma'arsu, mutum mai jiki da murya, irin wanda in ya yi gyaran murya ake jin sa a bayan gari. Na kunna rakoda, na sa igiya a kunne, na ce, "Baba, ina so ka ba ni labarin garinku na da, da yadda mutane suke bauta a lokacin."

Tsoho ya buɗe baki. Kafin iska ta fito, na'ibi ya ce, "Abin da Baba ka nuhi shi na, garinmu tun asali garin karatu na."

Daga nan ban sake jin muryar tsohon ba sai a wajen tari. Na'ibi ya ba ni tarihin gidansu tsaf, ya zo kan kakarsa, wato uwar tsohon. Ya ce ɗiyar wani babban malami ce, ta sauke Alƙur'ani tun kafin a yi mata aure, matan gari a ɗakinta suke ɗaukar karatu. Zaure ya amsa gaba ɗaya, Allah shi jiƙan ta, Allah shi kai haske kabarinta, amin, amin. Da yake igiyar na kunnena, kowace murya ina jin ta daban, har ta mai aron gatari. Amin ɗin tsohon ce kawai ban ji ba. Na dube shi, yana kallon yatsun ƙafarsa, bakinsa a rufe gam. Na ɗauka gyangyaɗi yake.

Da na tashi tafiya, sai tsoho ya laluba sandarsa ya ce shi zai raka ni. Aka yi caa, wannan ya ce Baba ƙafarka, wancan ya ce Baba rana. Ya ce baƙonsa ne, kuma bai tsufa da rakiya ba. A ƙasarmu ba a hana mai gida raka baƙonsa, kuma in babba yana rakiya, na ƙasa da shi baya suke ja su bar masa fili. Wannan ce kaɗai ƙofar da al'ada ta bar wa tsohon a buɗe, kuma ya san da ita. Na riƙa tura babur a hankali, ya dafa sirdin da hannu ɗaya, su na'ibi suna biye da mu daga nesa.

"Malam," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "an ce kana shiga gidajen malamai, kowane iri."

Na ce haka ne, Baba.

"To ina da aike. Wagga magana da yaron ga yay yi bisa uwata, ba haka take ba. Uwata ba ta taɓa kai goshi ƙasa ba. Arniya ta, ɗiyar arna. Jigonta na nan kahe tsakar gida, duk shekara ta yanka mai jan zakara kahin a kai iri gona. Hakanan tar rayu, hakanan tam mutu."

Jigo shi ne itacen da masu tsafi ke kafawa a gida suna yi masa yanka. Watanni ina yawon neman wanda zai ambace shi, ga shi an ambata mini a kan hanya, rakoda na aljihu a kashe.

Ya ci gaba. "Duk sadda anka ce Allah shi jiƙan ta, bakina shi yi nauyi. In na ce amin, ina tsoron na saɓa ma Allah. In na yi kurum, ina jin na ci amanar nonon da na sha. Tun gemuna na baƙi nike cikin wanga hali, ga shi yanzu ina jin ƙamshin ƙasa. Ka tambayo mani malamai, ɗa Musulmi na iya roƙa ma uwa tai gahwara in ta mutu hakanan? Kada ka hwaɗi sunana, kada ka hwaɗi gari."

Na ce, "Baba, ga malami a gidanka."

"Wa? Shi da ya riga ya ba ta allo da tawada? In kau na tambayi liman, kahin la'asar an ji kasuwa." Ya tsaya ya huta. "Kuma muryassu nike so, cikin abin ga naka. Na ga huskarka, kai mai tausai na, za ka gyara mani magana bisa hanya."

Har na hau babur sai ya riƙe mini hannun riga. Ya ce in gaya musu har da wannan, don kada su samu wurin laɓewa. Ranar da za ta cika yana wurin. "Nac ce, Inna, ki hwaɗi kalma. Tac ce, uwata da ubana da sunka tahi, sun hwaɗe ta? Nac ce a'a. Tac ce, to inda sunka tahi can za ni, ba ni barin su su kaɗai."

Ni ma na yi ɗan karatun da zai sa in hango amsar, kuma ban so in zama mai ɗauko ta ba. Amma dattijo ya riƙe rigata a gaban 'ya'yansa, sai na ce to.

Dama akwai manyan malamai biyu da zan yi hira da su saboda aikin. Na farko a Mafara yake, tsohon shehin ɗariƙa ne, mai zawiya da farin ƙyallen wazifa, da murya mai laushi kamar yana lallashin jariri. Na biyu a Bakura, bai kai shi shekaru ba, wandonsa a ɗage, bangon ɗakinsa littattafai ne har rufi. Mutanen nan biyu sun shekara da shekaru suna aika wa juna raddi, da ta lasifika, yanzu ta waya. Sun saɓa a kan inda ake ajiye hannu a sallah, sun saɓa a kan mauludi, sun saɓa a kan ziyarar kabari, in da za a tambaye su launin nono ma sai an samu ƙauli biyu. Da na nemi kowannensu ya ba ni tarihin tafarkinsa, tarihin ɓatan ɗayan ya ba ni, dalla-dalla, har da inda ɓatan ya faro. Na yi tunanin tunda ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba, ai ko don ɗaya ya ƙuntata wa ɗaya, wani zai ce ya halatta. Da wannan fatan na shiga.

Shehin na fara tambaya, bayan an watse daga karatun safe ya rage daga mu sai masu yi masa fifita. Na ce wani bawan Allah ne ya aiko ni, na faɗi tambayar. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce Allah Sarki, uwa ai uwa ce. Sannan ya fara neman mata ƙofa da gaske, na ga alama har ransa yake so ya samu. Ya ce wataƙila kira bai iso mata ba. Na ce ya iso, ɗanta ma ya yi karatu. Ya ce to wa ya san abin da ta faɗa a ƙarshe, mutum kan yi kalma tsakaninsa da Ubangijinsa numfashi na fita. Dole na ba shi labarin ranar da ta cika. Ya runtse ido, ya ce subhanallahi. Daga baya ya ce, "To ka ce ma wanga bawan Allah shi yi haƙuri. Ba a roƙa mata gahwara. An hana waɗanda sunka hi mu daraja, balle mu. Shi bar ta ga Mai ita."

Har na fara jin ƙwalla saboda yadda ya faɗe ta. Sai ya nuna rakoda da carbi ya ce in kashe. Na kashe. Ya matso, fuskarsa ta washe, ya ce, "Ɗan wane gida na?" Na ce amana ce, Allah gafarta Malam. Ya ce ai ya sani, ba zai gaya wa kowa ba. Ya kawo sunan wani gida da suka yi shari'ar fili da su, ya ce dama ya daɗe yana zarginsu. Na rantse ba su ba ne. Ya kawo wani. Na fito yana kan gida na huɗu ko na biyar.

Malamin Bakura bai ɓata lokaci ba. Ban gama tambayar ba ya ce bai halatta ba, ya janyo aya, ya janyo hadisi, ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba ya zaro littafi ya buɗe daidai wurin. Labarin ranar cikawar ma bai buƙace shi ba, na dai faɗa don in sauke aike. Ya ce wannan ya ƙara tabbatar da hukunci. Ya ƙara da cewa mai tambayar ya gode wa Allah da ya tsamo shi, ya kuma yi ta kyautata wa danginta masu rai in akwai. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka maganarsa take, kamar mai karanta sanarwa. Shi ma da ya gama ya ce in kashe. Ya ce ba ya son sanin ko wane ne, gulma haramun ce, abu ɗaya kawai zan tabbatar masa, gidan 'yan ɗariƙa ne ko? Domin a cewarsa irin wannan saura a can ake samunsa.

A kan hanyar komawa Mafara na tsaya gefen gonakin shinkafa na yi dariyar da ba ta da daɗi. Matar birni ta aike ni neman abin da ya haɗa mu, ga shi na samo mata. Malamai biyu da ko gaisawa ba sa yi sun haɗu a kan magana ɗaya, harafi da harafi, kuma a kan wata tsohuwa ce da ta daɗe a ƙarƙashin ruwa.

Akwai wani fasto a bayan tasha da ke cikin waɗanda zan ɗauka, Bahaushe ne daga kudancin Katsina, ya daɗe a garin yana kula da 'yan cocinsa, yawancinsu ma'aikata da masu shaguna. Tsoho ya ce malamai kowane iri, don haka bayan mun gama hirar tarihi na jefa masa tambayar, ko a can za a samu rangwame. Ya yi murmushi ya ce su a wurinsu ba a yi wa mamaci addu'a sam, ko da dattijon coci ne, in numfashi ya fita an rufe littafi. Wato shi ma ƙofarsa a rufe take, sai dai shi ya yi adalci, kowa ya rufe wa. Sannan ya ce kakarsa ta wajen uwa ita ma a kan tsafin gidansu ta mutu, kuma ita ta yi renonsa. Shi kaɗai ne bai tambaye ni ko wane ne ba.

Na dawo gida da amsa uku a aljihu, duk iri ɗaya. Makonnin da suka biyo baya hanyar Dosara ta ɓaci, masu babur suka ce a dakata, kuma ban taɓa jin daɗin ɓacin hanya ba sai a lokacin. Amma wata Talata ina cikin kasuwa wani mai sayar da gero daga wajensu ya tare ni, ya ce tsoho na gaishe ni, ya ce a tambaye ni ko na mance da shi, kuma a gaya mini ƙafa ta fara kumbura. Da hanya ta lafa na shirya.

Wannan karon ɗauko shi aka yi zuwa zaure. Rakiya ta ƙare masa, ni da shi duk mun san haka da muka haɗa ido. Jama'a suka cika, aka yi gaisuwa har ta gaji. Na rasa yadda zan yi, sai na ce na kawo wa Baba abin da aka ɗauka ne ya ji da kunnensa. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi muryar wa aka ɗauka ba. Na'ibi ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a sa masa, ai ya kamata Baba ya ji tarihin gidansu. Na durƙusa na sa wa tsoho igiya a kunnuwa biyu, na danna.

Ban taɓa zama mai nauyin wannan ba. Tsoho na jingine da bango, ana karanta masa hukuncin uwarsa a cikin kunne, a gefensa kuma ɗansa na ba jama'a labarinta. Tun zuwana na farko ta samu ƙarin girma, yanzu har Makka ta je a ƙasa, ta dawo da ruwan zamzam a gora. Jama'a na cewa Allahu akbar. Ni ina kallon fuskar tsoho, ina lissafin inda aka kai. Ga shehi yana neman ƙofa. Ga shi ya rasa. Ga na Bakura da littafinsa. Ga fasto. Fuskar ba ta motsa ba.

Da ta ƙare ya ce, "Sake mani na hwarko." Na sake masa shehin. Ina jin laushin muryar yake so ya ƙara ji, tunda hukuncin dai bai canza ba. Ya saurara har ƙarshe, ya zare igiyar da kansa, ya miƙo mini.

"Kunna abinka, Malam. Ka ɗauki maganata."

Na kunna na ajiye a gabansa. Ya ce, "Uwata ba ta yi sallah ba."

Na'ibi ya yi gyaran murya. "Abin da Baba ka nuhi..."

"Na san abin da nike nuhi. Bakina na, ba aro nai nay yi ba. Ka yi naka, ka kai ta Makka ka maido, yanzu bari in yi nawa."

Tsoho ya faɗi jigo, ya faɗi jan zakara, ya faɗi giyar da take dafawa in an yi girbi, bai rage komai ba. Sannan ya ce ita ce ta kama hannunsa ta kai shi wurin malamin ƙauyen da ke gaba da nasu, da damin gero a kanta, ta ce duniya ta juya, ba ta so a bar ɗanta a baya. Daga ranar ta saya masa tukunyarsa daban. Naman jigo bai sake shiga bakinsa ba, in kaza za ta dafa masa sai ta ɗauke ta ta kai wa maƙwabci Musulmi ya yanka. In azumi ya kama, ita ke riga shi tashi ta dama masa fura, ita da ba ta yi, kuma ba ta cin komai a gabansa har rana ta faɗi. In ya ta da sallah a tsakar gida, tana zaune da kara a hannu tana korar awaki da yara kada su gitta masa. Da 'yan makaranta suka fara kiransa ɗan arniya, ta daina zuwa ƙofar makarantar, sai ta tsaya bayan wata kuka da ƙwaryar tuwo har ya fito, don kada a gan su tare.

"Ran da tam mutu," ya ce, "malamai ba su zo ba, kuma ban ga laihinsu ba. Mutanenta sun ƙare, saura tsohi biyu. Ni da su munka gina kabari, munka sa ta. Yanzu ruwa na bisa. Ko wurin ban iya nuna ma kowa."

A nan ne bakin kowa ya saba da abin da zai faɗa, yau kuma babu mai iya faɗa. Wani dattijo a bakin ƙofa ya fara, "Allah shi..." ya haɗiye sauran. Na dubi na'ibi, duk girman nan nasa ya sunkuya yana tsinkar bakin tabarma, hawaye na bin gemunsa. Na daɗe ina yi masa dariya a zuci, amma a lokacin tausayinsa na ji, domin a zama ɗaya an karɓe masa kakar da ya gina, an ba shi wadda ta fi ta, kuma karatunsa ya gaya masa ba zai iya roƙa mata komai ba.

Tsoho ya share fuska da hannun riga, ya juyo wajen jama'a.

"Na aika an tambayo mani malamai, na ji da kunnena. Sun ce ba a roƙa mata. Na ji, na bi, ba ni jayayya da malamai. Ku shaida, ban roƙa mata komi ba. Labari nab ba Malam, shi yaz zo nema tun daga Mahwara." Ya ɗan ɗaga kai sama kaɗan, ya mayar. "In Wanda ba a ɓoye ma komi ya ji, ba ni nak kai mai ba."

Ya jingina kansa da bango, ya lumshe ido, ya ce, "Kashe abinka, Malam. Na gama."